RA'AYINMU: A Keɓe Rana Ɗaya Don Kwanon Iyali

Duk ma'aikacin da ya taɓa zuwa kwas ƙasar Ingila, ko ɗalibin da ya yi karatu a can, ya san wata al'ada tasu ta ranar Lahadi. Idan aka taso daga coci da rana, sai iyali su haɗu a gida ɗaya, kakanni da 'ya'ya da jikoki, a ajiye gasasshen nama a tsakiyar tebur tare da dankalin Turawa da ganye da romo, maigida ya yayyanka ya raba wa kowa. A zamanin da, talakan da ba shi da wurin gashi a gidansa yakan miƙa namansa ga mai gidan burodi a kan hanyarsa ta zuwa coci, in ya dawo ya karɓa a gashe. Abin da ya yi saura kuwa shi za a ci ran Litinin da Talata. Watau ranar ce kaɗai a mako da mai ƙaramin ƙarfi yake ganin nama da iyalinsa a lokaci guda.

Al'adar ta daɗe ainun. Tun cikin shekarar 321 Sarkin Rum Kwanstantin ya mai da Lahadi ranar hutu a daularsa. A Faransa har gobe ana tunawa da Sarki Henri na 4, wanda ya mutu a 1610, saboda burin da aka ce ya yi na kowane manomi ya sami kaza a tukunyarsa ran Lahadi, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa irin zaman cin abinci na Faransawa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Amma ko a can abin ya raunana. A 1994 Majalisar Ingila ta yi dokar da ta yarda manyan kantuna su buɗe na awa 6 ran Lahadi, ranar ta zama ta cefane da aiki ga mutane da yawa, gashin naman kuma ya fi komawa gidajen sayar da abinci.

Ba mu kawo wannan labari don mu ce a kwaikwayi Turawa ba. Dalilinmu shi ne, mu ma muna da tamu al'adar, wadda ta fi tasu faɗi, ga shi kuwa tana kuɓuce mana ba tare da wata majalisa ta yi doka ba.

Kamar yadda kowa ya sani, a gidan Bahaushe na asali miji da mata da 'ya'ya ba su zama kwano ɗaya. Kunya ba ta bari. Amma fa babu wanda yake ci shi kaɗai. Bayan sallar magariba wadda take da girki za ta kwashe tuwo, ta raba akushi-akushi: na maigida, na mata, na samari, na 'yammata da ƙananan yara. Akushin maigida zaure ake kai shi ko ƙofar gida, inda maƙwabta suke shimfiɗa tabarma, kowa an fito da nasa, a haɗa a ci ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce ciyayya. Hikimar da ke cikinta ba ƙarama ba ce. Mutumin da yau ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai zo ya zauna ya ci ya ƙoshi, asirinsa a rufe, maƙwabta kuwa sun gane halin da yake ciki ba tare da ya buɗe baki ba, kafin a kwanta an aika wa iyalinsa da kwano ta hannun yaro. Baƙon da dare ya yi masa a gari ba ya kwana da yunwa, almajiri ma yana da rabonsa. Wanda duk aka kwana biyu ba a gani a tabarma ba, sai a tashi a je a duba lafiyarsa.

A bakin kwanon nan ne kuma yaro yake samun karatunsa na farko. Zai koyi wanke hannu da yin bismilla, ya ci da dama, ya ci daga gabansa, kada ya riga babba sa hannu, kada ya taɓa nama sai an miƙa masa, kada ya bi lomar wani da ido. Turawa hira suke yi suna ci, mu kuwa ba a son surutu a kan abinci, sai an wanke hannu an gyara zama sannan hira take ɓarkewa, a nan ake jin labarin gona da kasuwa da wanda za a yi wa aure. Addini ma ya ƙarfafa wannan. Ayar 61 ta Suratun Nur ta nuna babu laifi a ci tare ko a ci a rarrabe, saboda haka ba wajibi muke ɗora wa kowa ba. Amma an ruwaito cewa da wasu sahabbai suka koka suna ci ba su ƙoshi, Manzon Allah (SAW) ya umurce su da su riƙa haɗuwa a kan abincinsu suna ambaton sunan Allah. Ladabin ci da dama da ci daga gaba kuwa, a bakin akushi ya koya wa yaron da yake riƙo, Umar ɗan Abu Salama.

To, yanzu a dubi gidan ma'aikacin gwamnati na yau. Gidan haya ne mai ɗaki biyu da falo, ba zaure, maƙwabcin da ke bayan katanga ko sunansa ba a sani ba. Aikin ofis daga ƙarfe 8 na safe ne zuwa 4 na yamma, amma wanda yake aiki a Abuja yana kwana a Mararraba ko Suleja ko Gwagwalada, da asuba yake fita, ba ya komowa sai bayan isha'i. Uwargida ita ma wataƙila malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar asibiti. Yara su dawo daga boko su wuce Islamiyya, kowa ya ɗebi abinci a kula lokacin da ya ga dama, wani ya dafa taliyar leda ya shige ɗaki da wayarsa. Maigida kuma in ya dawo a jera masa kwanuka a falo, ya ci shi kaɗai yana kallon labarai. Wannan zama nasa ba al'adar kakanninsa ba ce, domin su da jama'a suke ci, ba kuma ta Turawa ba ce. Ciyayyar zaure ta faɗi, ba a kafa komai a madadinta ba.

Mun sani za a ce tsadar rayuwa ce ta jawo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 bai cike giɓin ba. Wanda yake lissafin kwanon masara ba zai yi marmarin gayyato dangi ba. Sai dai a ganinmu wannan hujja ta fi goyon bayan haɗuwa. Tukunya ɗaya ta fi uku sauƙin gas da gawayi, kuma ba a lokacin wadata kakanninmu suka riƙe ciyayya ba. Sun riƙe ta a shekarun fari da fara, lokacin da tuwon dawa da miyar kuka ne kaɗai abin da za a fitar. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya.

Abin da ya fi damunmu shi ne 'ya'ya. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, a shekarar ne kuma Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin bayan an fallasa yadda ya yi wa samari da 'yammata katutu. Ba mu ce tuwo yana maganin shaye-shaye ba. Amma uban da yake zama da ɗansa a kwano ɗaya zai lura ran da idonsa ya canja, ko hannunsa yake rawa, ko ya daina ci. Uwar da take ci tare da 'yarta za ta gane ran da take ɓoye damuwa. Iyaye da yawa ba su san halin da 'ya'yansu suke ciki ba sai ran da takardar kora ta zo daga makaranta, alhali kuwa rufi ɗaya suke kwana.

Saboda haka shawararmu ita ce kowane gida ya keɓe rana ɗaya a mako wadda ba mai cin abinci shi kaɗai. Ga 'yan'uwanmu Kirista na Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano abin ya zo da sauƙi, domin shinkafar Lahadi bayan an taso daga coci daɗaɗɗiyar al'ada ce a wurinsu, riƙe ta kawai ya rage. Ga gidan Musulmi kuwa Lahadi ba lallai ta dace ba, tun da Islamiyyu da yawa a Asabar da Lahadi suka fi cika, hutunsu Alhamis ne da Juma'a. Bayan an sauko daga masallacin Juma'a ne yaro ba shi da boko ba shi da allo, ofisoshi da dama kuma sun tashi. A Jihar Kaduna ma, a watan Disamba na 2021 gwamnati ta rage ranakun aikin ofis zuwa huɗu, kuma samun lokacin zama da iyali yana cikin dalilan da ta bayar.

Akwai abu biyu da ya kamata maza su ji, ko da ba za su yi musu daɗi ba. Na farko, tun da zaure ya tafi, maigida ya sauko ya zauna da 'ya'yansa, har da mata. Kunyar da za ta hana uba sanin 'yarsa ta wuce gona da iri. Na biyu, abincin Lahadin Ingila a wuyan mace ya rataya, ita ce a tsaye tun safe kowa yana hutawa, kuma wannan yana cikin abin da ya raunana shi da mata suka shiga aikin albashi. Idan aka mai da ranar iyali ranar wahalar uwargida ita kaɗai, mu ma ba za ta ɗore ba. Maigida ya yi cefane da wuri, samari su ɗebo ruwa su wanke kwanuka, abincin kuma ya zama wanda gida ya saba ci, ba sai an ci bashi an yanka kaza ba.

Muna kuma kira ga shugabannin ma'aikatu da su rage ɗora tarurruka da bitoci a ranakun hutu, masu makarantu masu zaman kansu su daina cika Asabar da darussan ƙari da ake karɓar kuɗi a kansu. Ɗaliban da ke kwana a makarantu da jami'o'i, waɗanda kowa yake dafa tasa a risho a lungun ɗaki, su ma suna iya haɗa abin da suke da shi su ci tare, in kuma an ba da hutu su tuna akwai kwano a gida. Limamai a huɗubobin Juma'a da masu unguwanni su taya mu tunatar da jama'a, musamman a sababbin unguwanni inda har yanzu ba a shimfiɗa tabarmar ciyayya ko sau ɗaya ba.