Hutun Kuɗin Goro da Garin da Ba Shi da Madugu

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, tallace-tallacen kamfanonin shirya tafiye-tafiye kan cika wayoyin ma'aikata. Hoton kusan iri ɗaya ne kullum: farin rairayi, ruwa shuɗi har iyakar gani, da bishiyar kwakwa da ta sunkuya kan wata doguwar kujera. A ƙarƙashinsa an jera kwana biyar a Zanzibar, da jirgi, da masauki, da abinci sau uku a yini, da motar da za ta ɗauko baƙo daga filin jirgi, sannan farashi guda ɗaya, da dala. Bahaushe ya daɗe da sunan irin wannan ciniki. Kuɗin goro ne: a haɗa manya da ƙanana a sa musu kuɗi ɗaya, mai saye kuma ba ya tambayar nawa kowane ya kama.

Masu sayen ba baƙi ba ne ga mai karatu. Likita ne a asibitin koyarwa, ko malamar jami'a, ko ma'aikacin banki ɗan asalin Sifawa ko Boɗinga da aiki ya kai shi Abuja, ko kuwa ango da amarya da suka rage bidi'o'in biki suka tara kuɗin don su ga teku sau ɗaya a rayuwa. Masu sukar su ma ba a rasa ba. Wasu na kiran abin almubazzaranci, wasu na kiran sa kwaikwayon Turawa. Wannan suka ba ta da ƙarfi kamar yadda masu yin ta ke zato. Mutumin da ya shafe wata goma sha ɗaya yana duba marasa lafiya yana da haƙƙin hutawa, kuma babu aibi idan ɗan ƙasar da ba ta da gaɓa ya yi marmarin ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Zanzibar kuwa tsibirin Musulmi ne, ana jin kiran salla daga bakin ruwa, abincin kuma ba ya sa mutum wasiwasi. Tambayar da ta fi cancanta ita ce: mene ne ainihin abin da aka saya, kuma aljihun wa kuɗin ya faɗa?

Teku dai kyauta ce, rairayi ma haka. Abin da ake biya shi ne a ɗauke wa mutum ɗawainiyar tunani. Wani ya san jirgin da zai tashi daga Abuja ya yada zango a Adis Ababa, ya san otal ɗin da hotonsa bai yi ƙarya ba, ya san direban da zai tsaya da allo ɗauke da sunan baƙo. Wannan sana'a tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma mai yin ta shi ne madugu. Ayarin fataken da ke tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja don sayen goro ba ya motsawa sai da shi. Madugu ne ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, jagaba na gaba yana nuna turba, uban dawaki na tattara abin da kowa zai bayar, a zango kuma fatoma na jiran su da masauki da dillanci. Falke yana biya ne don ya kwana da ido biyu rufe. Wanda ya biya kuɗin kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai, ko na Umara ta hannun kamfanin jirgin yawo, ya riga ya san tsarin ciki da bai, ko da bai taɓa sa ƙafa a bakin teku ba.

Turawa sun mayar da maduganci masana'anta. A ranar 5 ga Yuli, 1841, wani Bature mai suna Thomas Cook ya ɗauki mutum kusan 500 a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough a Ingila, kowa sule guda, kuma abin dariyar shi ne taron masu yaƙi da shan giya ya kai su, alhali yau giyar da ba a ƙidaya ta ita ce babban abin tallar irin waɗannan otal-otal. Kamfanin nasa ya bunƙasa har gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya ta damƙa masa jigilar alhazan ƙasar daga 1886 zuwa 1893. Hutun bakin teku na kuɗin goro, irin wanda aka sani yau, ya kankama ne a 1950, da aka fara shatar jirgin sama ana kwasar 'yan Ingila zuwa tsibirin Kosika, a shekarar da kamfanin Club Med ya kafa sansaninsa na farko a Mayorka. Sirrin ribar a fili yake. Kamfani kan sayi kujerun jirgi da ɗakunan otal da yawa tun kafin kaka ta zo, ya matse farashi, sannan ya sayar da su a dunƙule. Mai otal ya samu tabbacin cika ɗaki, amma ya rasa ikon sa wa ɗakinsa kuɗi.

Inda wannan ciniki ya fi nuna haƙoransa a Afirka ta Yamma shi ne Gambiya. A 1965, shekarar da ƙasar ta samu 'yancin kai, wani ɗan Suwidin mai suna Bertil Harding ya kai masu yawon buɗe ido kusan 300, daga nan otal-otal suka fara jeruwa a gaɓar Bakau da Kotu da Kololi. Ayyukan yi sun samu, wannan ba a musu. Sai dai baƙon da ya biya komai tun yana Stockholm ko Manchester ba shi da dalilin fita daga katangar otal. Mai tasi, da mai sayar da lemo da mangwaro, da mai ɗan gidan abinci a bakin titi, duk suna kallon sa ta ƙofar da mai gadi ke tsare da ita. Abin ya kai ga gwamnatin Gambiya ta haramta tsarin "komai a ciki" a 1999. Haramcin bai yi ƙarko ba. Kamfanonin Turai suka nuna za su karkatar da jiragensu wani wuri, aka janye shi a shekarar da ta biyo. Ranar 23 ga Satumba, 2019 kuma, kamfanin Thomas Cook ya durƙushe bayan shekara 178, ana gab da shiga kakar baƙi, sai otal-otal na Gambiya suka wayi gari da ɗakunan da aka yi musu alkawarin cikawa babu kowa a ciki. Ƙasa ce mai teku, mai rana, mai mutane masu fara'a, amma madugunta yana Landan.

Mai saye daga Sakkwato yana ɗaya ɓangaren wannan ma'auni, kuma shi ma ba ya riƙe da igiyar. Kafin Yunin 2023 dala na kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura 1,500. Hutun da aka yi wa kuɗi da dala ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara ko kofin shayi a ciki ba. Sannan kuɗin goron ba ya haɗa komai kamar yadda talla ke faɗa. Tun daga 1 ga Oktoba, 2024, duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar dole ta dala 44 daga kamfanin inshorar tsibirin, ko da yana da wata. Ga biza, ga kuɗin fita yawon gonakin kanumfari, ga tikitin jirgi daga Sakkwato zuwa Abuja wanda ba ya cikin lissafi. Idan aka warware ƙunshin, kaso mafi tsoka na kamfanin jirgi ne, sai mai otal, wanda sau da yawa ba ɗan tsibirin ba ne. Wakilin da ke Kano ko Abuja lada kawai yake ci. Wanda ya san haka ya biya, ya yi cinikin mai hankali, kuma zai fi kyauta wa masu masaukinsa idan ya fita daga katanga ya ci abincin dare a filin Forodhani, ya ɗauki ɗan gari ya zagaya da shi lungunan tsohon birni.

Darasin da ya fi tsada yana gida. Daga birnin Sakkwato, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a kan hanyar Boɗinga, akwai Sifawa. A nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, bayan faɗuwar Alƙalawa, yana karantarwa yana wallafa littattafai, malamai da ɗalibai na tururuwa gare shi daga nesa. A wannan zaman ne, a 1812, ya raba ragamar daula tsakanin ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga, da ɗansa Muhammadu Bello. Wato shekarun da aka tashi daga yaƙi aka koma tsara mulki da shari'a, a wannan ɗan tsakanin aka yi su. Gaba kaɗan ga garin Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, inda aka binne shi a ƙarshen Disamban 2018, ga kuma madatsar ruwan garin. Mutane daga Nijar da Kamaru da sassan Najeriya suna zuwa Hubbare ziyara duk shekara. Kaɗan ne daga cikinsu ke ƙarasawa Sifawa, domin babu wanda ya ce musu: ga mota ƙarfe bakwai na safe, ga malamin da zai yi bayani, ga inda za a ci abincin rana, ga kuɗin duka.

Gambiya na da baƙi amma madugun ba nata ba ne. Sifawa na da abin gani, ba ta da madugu ko ɗaya. Ma'aikacin da ya san farashin kwana biyar a Nungwi har da harajinsa, idan abokin aikinsa daga Legas ya nemi ya kai shi inda Shehu ya zauna, sai ya fara buga waya yana neman wanda ya san wani. 'Ya'yansa, da ke karatu a makarantun kuɗi, sun ga tsohuwar kasuwar bayi ta Zanzibar da mai bayani a gabansu, amma garin kakansu suna ne kawai a takardar shaidar ƙaramar hukuma.

Za a ce tsaro, kuma gaskiya ne. Kufan Alƙalawa yana yankin Sabon Birni, Gudu kuma, inda aka yi wa Shehu mubaya'a a 1804, yana yankin da 'yan bindiga suka addaba. Babu mai hankalin da zai sa motar ɗalibai a waɗannan hanyoyi yanzu. Ita kanta ƙaramar hukumar Shagari ba ta tsira daga hare-hare ba. Amma wannan hujja ce ta neman madugu, domin madugu don hanya mai hatsari aka yi shi tun asali. Shi ne zai san ranar da za a tafi da ranar da za a fasa, da sa'ar da za a juyo. Za a kuma ce wurin ziyara ba wurin shaƙatawa ba ne, kada a mayar da tarihin Shehu kasuwa. Wannan ma abin dubawa ne, sai dai tsari ba ya rage alfarma. Masu zuwa Madina da jagora suke zuwa Uhudu da Ƙuba, a mota, a kan lokaci, kuma ba wanda ya ce an wulaƙanta wuraren. Abin da ke cin wurin tarihi shi ne sakaci, da ruwan sama, da mutuwar tsofaffin da suka san wace katanga ce ta wa.

Maƙwabta sun gwada abin da ya yi kama da haka. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kuma yana cika gari da baƙi. Rauninsa shi ne ya rataya a wuyan gwamnati: da aka dakatar da shi, sai da ya yi kusan shekara goma kafin ya dawo a 2020. Abin da Sifawa ke buƙata ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi ɗorewa. Mota ɗaya mai kujera goma sha takwas, duk Asabar daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da hunturu ya sassauta rana. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a matsayin masu bayani, a biya su. Izinin masu gari da kasonsu a rubuce. Fura da nono da tuwo daga hannun matan garin, ba daga kwalin da aka ɗauko a birni ba. A fara da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, a bi ta Hubbare, a ƙare a Sifawa da Boɗinga. Jarin bai kai kuɗin hutun iyali biyu a Zanzibar ba, kuma kowace naira ana iya nuna inda ta kwana.

Akwai dalilin hanzari. A watan Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068, daga Illela har gaɓar tekun Atilantika, hanyar da gwamnati ta ce tun zamanin Shagari aka yi tunaninta. Ba sabuwar alaƙa ba ce: daga Badagiri Hugh Clapperton ya taso a Disamban 1825 ya nufo fadar Muhammadu Bello, kuma a kusa da Sakkwato ya mutu a Afrilun 1827. Idan hanyar ta kammala, bakin teku zai zama tafiyar yini guda a mota, da naira, ba biza. Kamfanonin Legas, da suka daɗe suna kai baƙi tsibirin Gberefu da gidajen tarihin cinikin bayi, ba za su ɓata lokaci ba wajen tallata kwana uku a Badagiri ga ma'aikatan Sakkwato da Birnin Kabi. Su ne kuma, da motocinsu da jerin abokan cinikinsu, za su fi kowa saurin shirya tafiyar da ta nufo arewa, su sa mata farashi, su zaɓi inda za a tsaya da wanda zai yi bayani a ƙofar masallacin Sifawa.