Gida Biyu, Rawani Ɗaya: Wa Ke Biyan Kuɗin Hanya?

A ƙasar Tasawa da ta Mayahi, kamar sauran ƙasashen sarauta na jihar Maraɗi, ba baƙon abu ba ne gidan sarauta ya kasance da mazauni biyu. Ɗaya fada, inda dogarai suke, inda ake sasanta rigimar gona da ta aure. Ɗaya a Yamai, ko aƙalla a Maraɗi. Ba kowane basarake ke yin haka ba, akwai waɗanda ba sa kwana a waje sai da babban dalili. Amma inda ake yi, amsa uku za ka ji idan ka tambaya. A birni ake samo wa ƙasa aiki: rijiya, aji, ɗakin shan magani. Gidan birni masaukin talakawa ne. Kuma da kuɗinsa ya gina, babu ruwan kowa. Ni da kai muna biyan lanho, muna zuwa fada idan rigima ta taso. Muna da damar ɗaukar alƙalami mu auna waɗannan amsoshi.

Mu fara da nisa, domin shi ne tushen lissafin. A ƙarshen ƙarni na 19 Sarkin Katsinan Maraɗi Mijinyawa ya bar Maraɗi ya zauna Tasawa. Da Faransawa suka kafa mulki, a Tasawa suka ajiye kwamandansu, babban birnin ƙasa kuma yana Damagaram, tafiyar kilomita 115 ko kusa da haka. A 1926 aka mai da babban birni Yamai. A 1927 aka ɗauke mazaunin kwamanda daga Tasawa zuwa Maraɗi. Cikin shekara biyu, hukumar da ke bakin ƙofa ta koma kilomita 120, babban birni kuma ya koma kusan kilomita 780. Nisan ya ninka kusan sau bakwai. Tun daga nan basaraken wannan yanki yake da dalilin hawa hanya. Dalilin gaskiya ne. Farashinsa ne ba a faɗa mana.

Ga ƙa'idar da zan bi. Abin da hukuma ta yanke, zan faɗe shi yadda yake. Abin da na ƙiyasta, zan ce ƙiyasi ne, kuma na ɗauki na ƙasa. Wanda ya ga na yi yawa, ya sa nasa adadi ya sake lissafin.

Tafiya Yamai da dawowa kilomita 1,560 ce. Mu ba motar kat-kat lita 13 a kowace kilomita 100. Lita 200 ke nan da 'yan kai. A watan Yulin 2024 gwamnati ta yanke litar esansi a sefa 499. Mota ɗaya, sefa 100,000. Sarki ba ya tafiya shi kaɗai, akwai dogarai da 'yan rakiya, mu sa mota ta biyu. Sefa 200,000. Abinci a hanya, kuɗin shingen hanya, taya da juyen mai, mu ƙiyasta 50,000. Tafiya ɗaya, sefa 250,000. Sau ɗaya a wata, miliyan 3 a shekara. Ban sa kuɗin sayen motocin ba.

Sai gidan kansa. Gida ba ya rufe baki don mai shi ya tafi. Mai gadi, mai dafa abinci, direba: mutum uku. Tun watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne a wata. Uku sau 42,000 sau 12, sefa 1,512,000. Wuta da ruwa, mu ce 60,000 a wata, 720,000 a shekara. Gidan sarauta ba ya rasa baki goma a kan akushi. Mu ba kowa sefa 1,000 a yini, wanda a Yamai ba ƙoshi ba ne. Sefa 3,650,000. Gyaran rufi, famfo, fenti, mu ce 500,000. Jimilla 6,382,000. A haɗa da kuɗin hanya, sefa 9,382,000 a shekara. Ban sa kuɗin fili ba, ban sa na gini ba.

Miliyan tara da ɗoriya ba ta da nauyi a kunne sai an juya ta zuwa abin da muka sani. A karkara an daɗe ana biyan lanho dala 140 a kan mutum, wato sefa 700. A raba 9,382,000 da 700. Mutum 13,400 da 'yan kai. Lanhon mutum dubu goma sha uku ke nan, kowace shekara, kafin a biya kuɗin tafiyar da gida ɗaya. A juya ta zuwa hatsi. Mu sa buhun gero mai kilo 100 a sefa 25,000. Buhu 375. Tan 37 da rabi. A jigawar Urafan ko ta Kanembakashe, manomin da ya sami kilo 500 a hekta yana godiya ga Allah. Amfanin hekta 75 ke nan. Mu ba kowane mutum kilo 230 a shekara: abincin mutum sama da 160, daga kaka zuwa kaka.

Yanzu a zo ga amsa ta uku, cewa daga aljihunsa ne. Wani lokaci haka ne. Da yawa daga cikin sarakunan yau tsofaffin ma'aikatan gwamnati ne ko 'yan kasuwa, sun gina gidansu a birni tun kafin a naɗa musu rawani. Babu mai cewa su rushe. Amma bayan naɗi aljihun basarake yana da hanyoyin shiga sanannu: alawus na gwamnati, ladan tara lanho, amfanin gandu, da gaisuwa. Alawus daga baitulmali yake fitowa. Lada daga lanhonmu yake fitowa. Gaisuwa kuwa kowa ya san hannun da ke miƙa ta: mai gari da ke neman a tabbatar da shi, mai gona da ke son a saurare shi, Bafulatanin da ke son a bar masa burtali. Idan alawus da lada ba su kai miliyan tara ba, gibin ba ya cike kansa. Akwai wanda ke cike shi, kuma ba a ba shi rasiɗi.

A Birtaniya ma gidan sarauta yana raba shekara tsakanin birni da karkara. Bambancin shi ne an rarrabe. Fadar Buckingham da ta Windsor na masarauta ne, Balmoral da Sandringham dukiyar iyali ce. Kuɗin da gwamnati ke ba sarauta, fam miliyan 86.3 a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, ana buga bayaninsa kowace shekara, har da kuɗin tafiye-tafiye. Mai biyan haraji a can yana iya jin haushi, amma da adadi a hannunsa. Mu a nan ƙiyasi muke yi.

Duk wannan ƙaramin lissafi ne. Babban yana cikin kwanaki.

Hanyar Yamai yini guda ce zuwa, yini guda dawowa. Wanda ya sha wannan tafiya ba zai juyo washegari ba, mu ba shi kwana biyar. Mako guda ke nan a wata, kwana 84 a shekara. A ƙara taron Maraɗi sau biyu a wata, kwana 24. Jimilla 108 cikin 365. Kusan kashi 30 cikin ɗari na shekara karaga babu mai ita. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Tasawa mutum sama da 500,000, ta ba Mayahi sama da 550,000, kuma sarakunan kanto da ke kan wannan jama'a ba su da yawa. Kwana ɗaya na kowanne yana da masu jira.

Me suke jira? Dokar karkara ta 1993 da dokar sarautar gargajiya ta watan Janairun 2015 sun ba basarake ikon sasanta rigimar gona da ta al'ada. A shari'ar ƙasa, a fada ake farawa, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, sannan magana ta wuce gaban alƙali. Idan sarki ba ya nan, ƙofar farko a rufe take, ta biyu kuma ba ta buɗuwa da sauƙi.

Mu yi lissafin mai ƙara. Ƙauyensa kilomita 30 ne daga fada. Shi da abokin rigimarsa, kowa da shaidu biyu: mutum shida. Kabu-kabu zuwa da dawowa, mu ce 3,000 kowa, 18,000. Fura da ƙosai, 500 kowa, 3,000. Yinin aikin da aka rasa, 1,500 kowa, 9,000. Sefa 30,000. Suka iso, aka ce sarki ya yi tafiya, ku dawo mako mai zuwa. Buhun gero da ɗoriya ya tafi, ba a ko buɗe magana ba. Mu ɗauka shari'a ɗaya tak ake ɗagewa a kowace rana, cikin kwana 100. Miliyan 3. Wannan ba ya shiga littafin kowa, domin a warwatse ake biyansa, jaka uku nan, jaka biyar can, daga hannun waɗanda suka fi kowa rashi. A haɗa da na baya, an haura miliyan 12.

Za a ce akwai wakili, akwai waya. Gaskiya ne, kuma wakili nagari yana kashe rigimar bashi da ta aure. Iyakar gona daban ce. Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba zai ce sai sarki ya dawo, kuma kowa ya san zai ce haka. Ba a kuma duba iyaka ta waya. Sai an taka, an ga bishiyar da kakanni suka yi shaida da ita, an ji bakin dattawa a wurin.

Kwanakin ma ba farashinsu ɗaya ba. Kwana goma a watan Maris ana iya haƙuri da su. Kwana goma a farkon damina, lokacin da kowa ke tura hauya zuwa iyakar maƙwabci, wani abu ne dabam. Haka tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da garken da suka yi damina a arewa ke gangarowa ta Gulbin Kaba, wake da dawa suna gona, ba a kai ga sakin gonaki ba. Jihar Maraɗi ta san abin da wannan lokaci ke iya haifarwa. A Toda, a watan Oktoban 1991, rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka sama da 100, mafi yawansu mata da yara. Ban ce rashin sarki ne ya jawo ta ba. Na ce irin wannan wuta tana tashi cikin awoyi, wanda ke kilomita 780 kuma yini guda yake buƙata. Wannan ba ni da adadin da zan sa masa.

Masu kare al'adar suna cewa sarakuna tun fil azal gida biyu gare su. Haka ne. Sarakunan Kano suna da Gidan Rumfa a cikin birni, suna da Fanisau da Ɗorayi a waje. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna Wurno, a can ya rasu a 1837. Amma a duba alkibla. Gida na biyu na da yana karkara ko bakin iyaka, cikin ƙasar sarkin, kusa da jama'arsa. Yana tsaron ƙasa, ko yana cika rumbu. Na yau yana wajen ƙasar sarkin gaba ɗaya, ba ya noma ko dami. Kada kuma a yi wa na da ado. Bayi ne suka nome gandun sarki, daga baya talakawa da sunan gayya da aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946. A wancan zamani ma talaka ne ya biya. Da ƙarfinsa ya biya, yau da kuɗin mota da kwanakinsa.

Amsa ta biyu, cewa gidan birni masaukin talakawa ne, ta fi sauran ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Ɗan Korgom da ya sami gurbi a Jami'ar Abdu Mumuni yana buƙatar inda zai ajiye tabarma. Matar da aka tura asibitin Yamai tana buƙatar inda masu jinyarta za su kwana. Gidan da ke karɓarsu ya yi aikin alheri, kuma sefa 3,650,000 na abinci da na lissafa a sama, idan su ke ci, ba asara ba ce. To amma masauki gida yake buƙata da amintaccen mai kula. Ba ya buƙatar sarki a ciki mako guda kowane wata. A bar gidan, a rage tafiyar zuwa sau uku a shekara. Kuɗin hanya ya sauko daga miliyan 3 zuwa 750,000. Kwanakin Yamai sun sauko daga 84 zuwa 21. Ɗalibi bai rasa makwanci ba.

Saura amsa ta farko, samo aiki. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, rijiya da aji ta hannun ƙaramar hukuma da tsarinta na raya ƙasa suke bi, sannan perefe, sannan gwamna. Mafi yawan waɗannan ofisoshi suna Tasawa, Mayahi da Maraɗi. Maraɗi zuwa da dawowa daga Tasawa kilomita 240 ce, lita 31, ƙasa da sefa 16,000, a kuma kwana a gida. Daga Mayahi ma ba ta kai haka ba. Ban musanta cewa kalmar basarake a kunnen minista tana da nauyi ba. Amma da'awa ce da ake iya gwadawa. Shekara goma a kan 9,382,000 ta kusa miliyan 94. A kawo jerin ayyukan da zaman Yamai ya jawo cikin shekara goma, waɗanda da ba su zo ba in ba don shi ba. A sa sunan ƙauye, a sa shekara, a sa kuɗi. Idan sun haura miliyan 94, lissafi ya goyi bayan gidan birni, mu ma mu goya. Idan ba a iya kawo jerin ba, maganar samo aiki ta tsaya a baki.

Roƙona ga sarakunan Tasawa da Mayahi, da Ƙungiyar Sarakunan Gargajiya ta Nijar, bai da tsada. Ranku ya daɗe, a sanar da ranakun zaman fada tun farkon wata, a liƙa a ƙofa, a faɗa a rediyon gari da ranar kasuwa, domin kada mutum shida su ƙona sefa 30,000 a banza. A naɗa wakili a rubuce, a bayyana abin da yake iya yankewa. Daga saukar ruwan shuka zuwa ƙarshen noman farko, da kuma daga farkon girbi zuwa ranar sakin gonaki, a zauna a gida, sai fa rashin lafiya ko kiran hukuma.