Zana ba ta hana gani, kunya ka hanawa

Hutun bana ina Dogon Dutsi, a wata fada kusa da inda ake saida tikitin wifi na dala ishirin. Wani abokina da ke karatun kwamfuta ya buɗe tashi bisa cinya, ya ce in zo in ga ikon Allah. Ya kunna Kismet, sai ga rezo ɗin unguwa duka sun jeru: sunan kowane, ƙarfinshi, wanda ke da makulli da wanda aka bari buɗe. Na ce madalla. Sai ya koma Wireshark, ya fara karanto muna sunayen shafukan da wayoyin mutanen wurin ke shiga. Akwai wata yarinya zaune bisa benci, kanta duƙe kan waya. Ya nuna ta da haɓa, ya ce ita ce ke neman bayani kan wani ciwo. Fada ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, kuma har yau ina jin kunyar dariyar nan.

'Yan uwana ɗalibai, mu gaya ma juna gaskiya. Waɗannan manhajoji ba su da laifi. Da su ma'aikaci ke gane abin da ya sa rezo ke yankewa, da su mai wifi zai san makullinshi tsohon WEP ne da ake ɓallewa cikin mintoci, ya koma WPA2. Wanda ya taɓa yawo da waya sama yana neman sanda guda a ƙauyukan Matankari ko Tibiri ya san muna buƙatar masu wannan ilimi.

Amma ku ji hujjar abokina: wai iska ce, ba ta kowa ba, kuma saƙon WhatsApp a kulle yake, bai karanta komi ba. To, wanda ya tsaya ƙofar likita yana rubuta sunan duk mai shiga, shi ma bai ji abin da aka faɗi ciki ba. Mu ce bai yi komi ba?

A Arewa da zana muke kewaye gida. Dogon mutum in ya yi ɗage zai hango tsakar gida, amma ɗan mutunci sallama yake yi. Ni da ke karatun harshe, na duba ban ga bukatar ƙirƙiro sabuwar kalma ba. Sunan abin nan leƙe, kuma mun san yadda ake kallon mai leƙe. Dokar 2019 kan laifukan intanet ma ta hana tare bayanan wani ba da izini ba.

In ka iya, je ka gaya ma mai wifi ƙofarshi buɗe take, ka taya shi rufewa. Yarinyar nan dala ishirin ta biya don ta yi tambayar da ba ta iya yi ma kowa. Ƙanwar wani ce. Gobe taka ce bisa bencin.