Ranar da Malami ke Sauka daga Jirgi

A cikin sana'ar tuƙin jirgin sama akwai rana guda wadda ba matuƙin da ke mantawa da ita, watau ranar da malaminsa ya buɗe ƙofa ya sauka, ya bar shi ya tashi shi kaɗai. To, sa wannan rana hakkin malami ne, bai kuwa kamata kowa ya matsa masa a kanta ba, ko uban yaro, ko hukumar da ke biyan kuɗin karatu.

Batun ya shafi jama'ar Arewa ƙwarai. Tun cikin 1925 jiragen sojan Ingila guda 3 suka sauka Kano, cikin 1964 kuma aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya, inda samari da 'yan mata ke koyon tuƙi. Karatun kuwa yana da tsada, gama da awa ake ƙirga shi: kowace awa a sama tana cin mai, ga ladan malami, ga gyaran inji. Saboda haka mai biya ya kan ƙosa, ya riƙa cewa ɗan wane ya tashi shi kaɗai, mene ne ya hana nasa?

Amma fa kafin a sake shi, lalle ne ɗalibi ya ƙware a abubuwan da hankali bai saba da su ba. In ya ɗaga hancin jirgi ya wuce kima, iska ta kan daina ɗaukar fukafukai, jirgi ya sulmiyo. Zuciya za ta ce masa ya ƙara janyo hanci sama, alhali maganin abin shi ne ya tura hanci ƙasa, ya ƙara wuta. In inji ya mutu jirgi yana tashi ke nan, sai ya nemi fili a gabansa, kada ya ce zai juyo baya. In kuma ya zo sauka ya ga bai daidaita ba, wajibi ne ya ƙara wuta ya koma sama, ya sake kewayowa, kada kunya ta sa shi dagewa. Wani ya kan kama waɗannan da wuri, wani sai an daɗe, kuma wanda ya daɗe ba shi ne dakiki ba.

Ran da za a sake shi ma, aikin ɗan kaɗan ne a ido. Zai tashi, ya hau kamar ƙafa 1,000, ya kewaya filin jirgi, ya sauko. Sai dai jirgin ya rage nauyi tun da malami ya fita, don haka ya kan hau da sauri fiye da yadda ɗalibi ya saba, wajen sauka kuma ya kan yi ta shawagi bisa titi kafin taya ta taɓa ƙasa. Ba mai kama masa hannu, sai murya ta wayar iska daga hasumiya. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, saukar nan ita ce jarrabawa. Don haka malami ke duban iska da sararin sama tukuna. In hazon hunturu ya rufe gari, ya kan ɗaga ranar ko da ɗalibi ya shirya sarai.

Bayan haka ma da sauran tafiya. Ka'idar Hukumar Jiragen Sama ta Duniya ta ce ƙaramar takardar tuƙi sai an cika awa 40 a sama, 10 daga ciki ɗalibi shi kaɗai, har da tafiyar kilomita 270 da sauka a filaye 2 dabam. Ashe wanda ya riga ɗan'uwansa tashi da mako guda bai tsere masa da komai ba.

Ya kamata masu ɗaukar nauyin ɗalibai su tanadi kuɗin ƙarin awoyi tun daga fari, don kada malami ya sake yaro saboda kuɗi sun ƙare. Malamai su ma su tsare amana, su faɗa wa ɗalibi gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba, gama yaron da ke kewaya fili yau shi ne zai ɗauki fasinjoji gobe. Allah ya kiyaye.