Jan farcen jel: gyara kayanka

Da an kai hatsi rumbu a Damargu, sai bukukuwan aure su kankama. A Gangara, ban da lalle, wata amaryar takan nemi jan farcen jel, wanda iska ba ta busar da shi sai hasken fitila ta musamman.

Abu ukku ke ɓata aikin. In ya ɓare kafin sati biyu, maiƙo aka bari a farce. A fara gogewa da alkol. In ya yamutse, an lafta shi da kauri, ko batirin fitila ya yi sanyi. A shafa kaɗan-kaɗan, a gasa daƙiƙa 60. In ya taɓa fata yana ɗanye, yakan jawo ƙaiƙayi mai wuyar rabuwa.

Mai saro kaya daga Damagaram ko Kano ya duba jikin kwalba: Tarayyar Turai ta haramta sinadarin TPO tun 1 ga Satumba 2025.

Saura babbar magana. Jel yana hana ruwan alwala taɓa farce, cire shi kuma sai an jiƙa da asetan wajen minti 15. Lalle ba ya tare ruwa. Mai shago ta ƙwarai takan faɗa wa amarya haka kafin ta karɓi kuɗinta.