Suna Linzami Ne, Ko a Intanet

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce na je gida Madobi, sai ɗan ƙanwata, wanda ke kula da wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa a yankin Kura, ya tare ni da shawara. Ya ce, “Kawu, za mu sake fasalin shafinmu na intanet, kuma yaron da zai yi aikin ya ce mu jefar da tsohon adireshin mu ɗauki sabo, mai kalmomin Turanci, don Google ya riƙa sa mu a gaba.” Na ce masa a yi wa shafin duk kwalliyar da ake so, amma kada a taɓa sunan. Ni ba masanin kwamfuta ba ne; harshe na karanta. To amma adireshin intanet suna ne, kuma suna fagenmu ne.

Mai karatu ya san yadda wannan yanki ya zama abin da ya zama. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama’are a 1976, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya kankama. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kasuwar shinkafar gida ta ƙara buɗewa, masu saye daga Legas da Onica suka fara neman ’yan kasuwarmu ta wayar hannu kafin su hau mota. Wannan ne ya sa adireshin da ɗan nawa ya yi wa rajista shekaru shida da suka wuce ya zama kadara, ko da shi bai lura ba. Yana jikin buhunan da ya buga, yana jikin rasit, yana cikin wayoyin dillalai a Dawanau, kuma injin bincike ya daɗe da sanin sa.

Injin bincike kamar dattijon kasuwa yake: yana auna mutum da waɗanda ke nuna shi. Duk wani shafi da ya taɓa ambaton kamfanin ya sa mahaɗi zuwa gare shi, tsohon adireshin ya nuna. In ka sauya ba tare da shiri ba, ka tashi daga rumfarka ne ba ka bar sallahu ba. Idan sauyin ya zama dole, akwai hanyarsa: a ci gaba da biyan kuɗin tsohon sunan, a ɗora wa kowane shafi alamar karkatarwa ta dindindin da masana ke kira 301, wadda za ta kai baƙo shafin da ya gaje shi, ba ƙofar gida kawai ba. Google da kansa na ba da shawarar a bar wannan alama aƙalla shekara guda. Amma batun cewa cusa kalmomin talla cikin adireshi zai ɗaga ka, tsohon yayi ne. Tun 2012 kamfanin ya rage wa irin waɗannan sunaye tasiri matuƙar shafin ba shi da abin kirki a ciki.

Inda abin ya fi ja hankalina shi ne rubutun Hausa. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin haruffan da aka gina tsarin adireshi da su. Tun 2003 an samar da hanyar shigar da baƙin haruffa, amma a ƙarƙashi na’ura na mayar da sunan wani jerin alamomi da ke farawa da xn--, kuma mai saye daga Onica ba zai nemo ƙ a wayarsa ba. Saboda haka duk sunan Hausa da za a zaɓa, a karanta shi bayan an cire lanƙwasar. Baƙi zai koma baki. Ƙura, abin da mai casar shinkafa ya fi ƙi, za ta koma kura, wadda a rubuce ba ta da bambanci da dabbar dawa, da kurar turin ruwa, da sunan garin kansa. Ɗalibaina na dariya idan na kawo wannan misali a aji, amma ga wanda ya buga buhu dubu biyar ba abin dariya ba ne. Mafita ita ce gajeren suna marar lanƙwasa, wanda za a iya faɗa a waya sau ɗaya a rubuta daidai, sannan a bar Hausar shafin ta fito da cikakkun haruffanta a ciki.

Game da wutsiyar adireshin kuwa, ra’ayina na tare da .ng da .com.ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su tun bayan kafa ta a 2005. Irin wannan wutsiya na shaida wa injin bincike cewa kasuwarka a Nijeriya take, kuma da naira ake biya. Wanda ke da abokan ciniki a Maraɗi ko Damagaram, ko yake hangen fitar da kaya, zai iya riƙe .com ɗin sunan, ya karkatar da shi zuwa gida guda. Raba kamfani ɗaya zuwa adireshi uku, na shinkafa da na tumatir da na alkama, raba ƙarfi ne kawai.

Kafin na taso na tambayi ɗan nawa da sunan wa aka yi rajistar tsohon adireshin. Ya yi shiru, ya ce sai ya bincika. Da yamma ya kira ni: ashe da sunan yaron da ya fara gina musu shafin ne, da imel ɗinsa, kuma wa’adin sabuntawa saura wata biyu. Yaron ya bar Kano tuntuni. Na ce ya ajiye maganar kwalliya, ya fara nemo lambarsa.