Gawa Ba Kayan Kallo Ba Ce

Jama'a, a wannan mako za mu duba wata tambaya da ta shafi gidajen adana kayan tarihi: shin ya dace a ajiye gawar ɗan Adam cikin gilashi don 'yan kallo?

A wajajen 1830 wasu Faransawa 'yan'uwan juna, masu suna Verreaux, suka tone kabarin wani baƙar fata a kudancin Afirka. Sana'arsu ita ce busar da dabbobi don sayarwa, saboda haka suka yi wa bawan Allahn nan yadda suke yi wa namun daji. Suka feɗe shi, suka gyara fatar da magani don kada ta ruɓe, suka cusa mata tarkace, suka tsayar da shi. Daga 1916 yana tsaye da mashi a hannu cikin gidan tarihin Darder, a wani ɗan gari mai suna Banyoles a ƙasar Sifen. Sai a 1991 wani likita ɗan asalin Haiti, Alphonse Arcelin, ya ce wannan wulaƙanci ne. Aka yi ta ja-in-ja har aka kawar da gawar a 1997, aka binne ta a Gaborone ta Botswana a shekarar 2000.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce ilmi ake nema. To, wane ilmi 'yan kallo suka ƙaru da shi, alhali ko sunan mamacin ba wanda ya sani?

Mu dawo gida Bauchi. Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, yana kwance cikin ƙasa kamar kowane Musulmi. A ginin da aka buɗe a kushewarsa a 1979, hotunansa da kayayyakinsa ne aka baje. Ɗalibai da baƙi sukan zo su san tarihinsa, su yi masa addu'a su tafi. Tarihi bai salwanta ba, mutuncin mamaci bai zube ba.

Kiranmu ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa shi ne ta riƙe wannan misali. In masu bincike sun haƙo ƙasusuwan mutanen da, a auna, a rubuta, sa'an nan a mai da su makwancinsu. Mutuwa rigar kowa ce, kuma ba mai son a maishe shi abin kallo bayan ransa.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, amin.